Fankoki Uku a Ɗakin Auta

Rana ta yi ja, masu shaguna sun fara jan ƙofofinsu, Injiniya ta zuba kayan aikinta cikin jaka ta kulle nata shagon. Ba sunanta ba ne Injiniya. Ƙaninta ne ya laƙa mata shi don tsokana tun tana koyon gyaran kwamfuta, sunan ya bi ta har ya hau allon shagonta. Shi kuwa mai tsokanar, Auta, 'yan watanni ke nan da aka kai shi makwancinsa.

Mama ce ta kira ta a waya da rana.

"Idan kin tashi ki biyo ki ƙarasa masa abin nan nasa."

"Wane abu, Mama?"

"Na'urar. Ba a ɗaura fankokin ba."

Abin ya ba Injiniya mamaki. Mama da ko tashar talabijin sai an canza mata, ina ta san akwai fanka a cikin kwamfuta? Amma ba ta tambaya ba. Tun rasuwar, wannan ne karon farko da Mama ta nemi wani abu a wurin wani. Ko dutse ta ce a ɗauko mata, Injiniya za ta ɗauko.

Gidan a hawa na sama yake, a wani tsohon bene mai matakala ƙunci. A ƙasa akwai shagon mai guga. Ya ɗago daga kan rigar da yake gogewa ya gaishe ta, kamar zai ƙara wata magana, sai ya fasa ya mayar da kansa kan aikinsa.

Mama ta buɗe mata tun kafin ta ƙwanƙwasa. Ta rame, zanin jikinta ya yi mata yawa. Amma idanunta na ƙyalli, irin na wanda ke jiran baƙo.

"Kin ci abinci, Mama?"

"Zan ci. Mu je tukuna, kada duhu ya yi."

Ɗakin Auta yana ƙarshen baranda. Rabon Injiniya da shi tun ranar da aka fito da Auta a hannu zuwa asibiti. Da Mama ta tura ƙofar, ƙamshin man zafi ya tare ta, wanda suke shafa masa a gwiwa da baya idan ciwon sikilarsa ya tashi. Ta dafa bango. Ga gadon a gyare. Ga takalminsa a ƙarƙashi, ɗaya ya hau kan ɗaya yadda ya saba cirewa. Ga zane-zanensa manne a bango: tsuntsaye, motoci, da wata mata mai katon kai riƙe da sukudireba, wai ita ce.

A kan teburi kuma, jikin bango, ga akwatin kwamfutar, baƙi, gefensa a buɗe.

Ciwo ya hana Auta yawo, ɗakin nan ne duniyarsa. Burinsa ya mallaki kwamfuta mai ƙarfin da za ta sa zanensa ya yi motsi. Ya daɗe yana tara kayanta guda-guda, yau akwati, bayan wani lokaci bodi, faifan da ake dasa sauran kayan a kai, can kuma firosesa, ƙwaƙwalwar na'urar. Ya hana yayarsa taɓa ko waya ɗaya. "Ke dai tsaya ki sha kallo, Injiniya," in ji shi. "Yau likita zai ga yadda majinyaci ke yin tiyata." Ya kai har kan fankoki. A daren da ya fito da su daga kwali ne ciwon ya kama shi, bai kuma sake shi ba.

Suna nan yadda ya bar su, guda uku, kusa da ɗan kofin da ya zuba sukurori.

Injiniya ta ja kujerarsa ta zauna. Ta share idonta da gefen mayafi, ta ɗauki na farko. Mama ta zauna a bakin gado, ta haɗa hannuwa a cinya.

Aikin ba wani mai wuya ba ne, ta yi irinsa ba adadi. A gefen kowace fanka akwai 'yar kibiya da ke nuna inda iska za ta bi. Biyu ta ɗaura a gaba, su jawo iska mai sanyi ciki. Ɗaya a baya, ta fitar da mai zafi. Ta ɗaure sukurorin kusurwa da kusurwa, ba ta matse su da yawa ba don kada fankar ta riƙa gurnani. Ta bi da siraran wayoyin ta bayan bodi, ta cusa kowacce a gurbinta. A wani wuri ta tarar Auta ya ɗaure wayoyi da zaren ɗinkin Mama, ja, ya yi masa ƙulli mai kunne biyu kamar na takalmi. Dariya ta zo mata, ta rikiɗe ta zama kuka. Ta bar zaren yadda yake.

"Zai daina jin zafin ke nan?" in ji Mama.

"Eh, iska za ta riƙa ratsa shi. Ba zai yi zafi ba."

"Alhamdu lillahi," Mama ta faɗa a hankali, ta lumshe ido.

Daga nesa aka fara kiran sallar magariba. Injiniya ta ce bari su yi salla su dawo. Mama ta girgiza kai.

"Ƙarasa tukuna. Saura kaɗan, ko?"

Wannan ma ya ba ta mamaki. Mama ba ta taɓa sa wani abu a gaban salla ba.

Ta jona wuta, ta danna. Fankokin suka ɗauka, shuuu, sumul. Ta yagi 'yar siririyar takarda ta kai gaban akwatin, takardar ta manne. Ta kai baya, iska ta kaɗa ta waje. Daidai. Amma sikirin ya ƙi kawo komai, wata 'yar fitila ja na ci a jikin bodin. Ta san matsalar. Firosesar sabuwa ce, bodin kuma ya girme ta, bai san ta ba. Sai an sabunta bayos, 'yar manhajar da ke zaune a cikin bodin, wadda ke tashin komai idan an kunna. Ta ciro filas, ɗan ƙarfen ajiyar bayanai, daga jaka, ta sauko da sabon bayos ɗin ta wayarta, ta zuba a ciki. Ta soka filas ɗin a baya, ta danna ɗan maɓallin da ke gefensa. Bayan ɗan lokaci sikirin ya yi haske, wani dogon layi ya fito, ya fara cika daga hagu.

"To Mama, yanzu sai addu'a. Kada a taɓa komai, kada wuta ta ɗauke. Idan aka katse shi a tsakiya, bodin ya mutu ke nan."

"Ba za a katse ba," in ji Mama.

Layin na tafiya kamar hawainiya. Hasken taga ya koma toka-toka. A ƙasa ana jin mai guga yana buga ƙarfensa a kan teburi, rediyonsa na magana.

Layin ya kusa rabi aka ɗauke wuta.

Ƙwan ɗakin ya mutu. Rediyon mai guga ya yi tsit. Firjin falo ya yi wata 'yar shaƙuwa ya tsaya. Injiniya ta dafe kai.

"Inna lillahi! Shi ke nan, Mama, bodin..."

Ba ta ƙarasa ba.

Fankokin na juyawa.

Sikirin na nan da haskensa, layin na ci gaba da cika. Ta leƙa taga. Unguwar duka baƙi ƙirin, har fitilun titi. Ta duba ƙarƙashin teburi ko Auta ya ajiye batiri ba ta sani ba. Babu komai. Waya ɗaya ce, daga akwatin zuwa bango.

Takardar da ta yaga tana kan teburi. Tana kallo ta ga ta motsa, ta ja jiki, ta zagaya bayan akwatin, ta manne a fankar baya. Wadda ya kamata ta hura waje.

Duka ukun ciki suke ja.

Labulen taga ya miƙe ya nufo teburin. Zanen da ke bango suka fara kaɗawa, fal-fal-fal. Sanyi ya sauko ɗakin, irin na cikin rijiya. Ƙamshin man zafin ya ƙaru har yana yaji a ido, kuma a ƙarƙashinsa akwai wani wari, kamar na ramin da aka daɗe ba a buɗe ba.

Ƙarar fankokin ta sauya. Tana hawa, tana sauka. Tana hawa, tana sauka. Kamar numfashi.

"Mama," Injiniya ta faɗa da raɗa, "tashi mu fita."

Mama ba ta ko kalle ta ba. Murmushi take yi.

Sai maganar ta fito, siririya, a cikin shuuun iskar.

"Mama. Zafi nake ji."

Jakar kayan aiki ta zame daga cinyar Injiniya. Muryarsa ce. Har da 'yar shaƙewar nan da take yi idan ya sha wuya.

"Na'am, Autana," in ji Mama. "Ga shi yayarka ta ɗaura maka. Yanzu za ka ji sanyi."

"Mama, tun yaushe?" in ji Injiniya. "Tun yaushe kike jin wannan?"

"Kullum da magariba. Ta bayan ƙofa. Shi ya ce in kira ki."

"Ba shi ba ne, Mama. Wallahi ba shi ba ne. Wanda ya tafi ba ya dawowa."

"Yi shiru, kada ya ji."

"Injiniya," in ji muryar, da 'yar dariya. "Ke dai tsaya ki sha kallo."

Wani abu ya tsinke a ƙirjinta. Ta san ƙarya ce, amma jikinta bai sani ba. Hawaye suka ɓalle mata. Sai da ta ciji leɓe don kada ta amsa.

"Ƙafata, Mama. Danna min nan. A'a, sama kaɗan."

Wannan ma ta san shi. A kan gadon nan ya faɗa, tana tsaye da ruwan ɗumi.

"Kada ku kai ni asibiti. Zai lafa."

Shi ma ya faɗa. A daren ƙarshe.

Sai muryar ta juye ta zama ta mace. "Sannu, Auta. Sannu, ɗan ƙanina. Yi haƙuri."

Tata ce. Muryarta ce, da kalmominta.

Nan ta gane. Ko ma mene ne wannan, ya daɗe a ɗakin. Yana nan duk shekarun da yaron ke murƙususu a kan gado. Yana saurare. Yana haddacewa.

Layin ya wuce rabi da nisa.

Tsakanin akwatin da bango akwai ɗan wuri, ko kyanwa ba za ta shige ba. A nan duhun ya fi kauri. Duhun ya motsa. Ya fara warwarewa sama, a hankali, gaɓa bayan gaɓa, kamar ana buɗe tsani. Ya wuce sikirin. Ya wuce zanen tsuntsayen. Da ya kai rufi sai ya ranƙwafo.

Ba shi da fuska. Amma duk sanda layin ya ƙara gaba, wani abu na tsatsowa a inda fuska za ta kasance. Goshi. Kunne. Gefen haɓa mai ɗan tabo.

Tabon Auta.

"Mama," ya ce. Wannan karon ba tsohuwar magana ba ce. "Zo."

Mama ta miƙe.

Injiniya ta fara karanto duk abin da ya zo bakinta, harshenta na sarƙewa. Ta duƙa ta fizge wayar daga bango.

Babu abin da ya tsaya.

"Me kike yi?" Mama ta daka mata tsawa. "Ke kika ce idan aka katse mutuwa zai yi! Sau ɗaya na rasa shi, bai isa ba?"

"Mama, don Allah!"

"Zo, Mama. Sanyi nake ji yanzu. Rufe ni."

Hannu ya fito daga duhun. Dogo ne, ya fi ƙarfin hannun mutum, amma yatsun na Auta ne, sirara, masu kumburarrun gaɓoɓi. Mama ta miƙa nata.

Filas ɗin. Yana baya, daidai inda abin ke tsaye.

Injiniya ta rufe ido ta cusa hannunta cikin duhun.

Kamar ta tsoma shi a ƙanƙara. Wani abu mai laushi, mai danshi, ya naɗe mata wuyan hannu. Ta lalubi bayan akwatin. Fanka ta yanke ta a yatsa. Ta ji ɗan ƙarfen. Ta kama. Ta fizga da duk ƙarfinta.

Layin ya tsaya.

Ihun da ya biyo baya, ba ta da abin kwatanta shi. Muryar Auta ce, da tata, da ta Mama, da wasu da ba ta taɓa ji ba, duk a haɗe. Fankokin suka haukace. Takardun bango suka ɓalle suna shawagi. Ƙofa ta fara rufe kanta.

Injiniya ta shuri jakar kayan aiki, jakar ta tokare ƙofar.

Ta rungumo Mama ta baya. Mama ta riƙe ƙarfen gado.

"Sake ni! Ɗana ne! Sake ni, muguwa!"

Ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Mama ta cije ta a damtse. Ba ta saki ba.

"Injiniya," in ji abin, dab da kunnenta, cikin kuka. "Yaya. Kada ki tafi da ita. Ni kaɗai ne a nan."

Ta kusa juyawa. Allah ne kawai ya riƙe wuyanta.

Ta sunkuya ta saɓa Mama a baya. Ba nauyi, kamar ta goya yaro. Ta tsallake jakar. Ƙofar ta buga a bayansu, ƙarfen cikin jakar ya yi ƙara.

Baranda. Falo. Matakala.

Duhu. Tana lalube da ƙafa, Mama na dukan kafaɗarta, tana kiran Auta, tana kira, har muryar ta dushe.

A sama, ana buga ƙofa daga ciki.

A matakalar ƙarshe ƙafarta ta gurɗe, suka zube gaban shagon mai guga. Ya fito da tocila a guje. Ya haska su, ya ɗaga kai ya dubi tagar sama, ya yi salati. Injiniya ba ta tambaye shi abin da ya gani ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Abin da ya ce kawai, yana ɗaure mata yatsa da tsumma, shi ne ya daɗe yana jin tsohuwar tana hira da magariba, ana amsa mata. Ya ɗauka waya take yi. Daga baya ya lura wayarta tana wurinsa tana caji.

Sai da gari ya waye maza suka hau da malamin unguwa. Sun tarar da kwamfutar a kashe, wayar wutarta a ƙasa. Zanen bangon duk sun tattaru sun cushe a bakin fankokin, a yayyage. Wanda ya fara taɓa akwatin ya janye hannu da sauri. Ya ce ɗumi gare shi, ba na ƙarfe ba, irin na jikin mai zazzaɓi. Suka naɗe shi a buhu suka fita da shi bayan gari, ba su gaya wa matan inda suka kai shi ba. Mai gidan ya sa kwaɗo a ɗakin. Har yau ba a sami wanda ya zauna a hawan nan ya yi wata ba.

Yatsu biyu na hannun daman Injiniya ba su sake jin komai ba. Ko allura aka soka mata sai dai ta gani da ido. Ƙananan sukurori suka gagare ta riƙewa, ta bar haɗa kwamfuta, ta koma sayar da kayanta kawai.

Mama ta dawo gidan Injiniya da zama. Tana ci, tana salla a kan lokaci, tana wasa da jikoki. Amma ta daɗe ba ta yi wa 'yarta magana ba, sai dai ta aiko yara. Injiniya ta haƙura. Tana kai mata ruwa, tana yanke mata farce, tana gaishe ta safe da yamma ko ba za a amsa ba.

Wata rana da hantsi tana taje mata kai a tsakar gida, sai Mama ta yi magana, ba tare da ta juyo ba.

"Na san ba shi ba ne."

Matajin ya tsaya a hannun Injiniya.

"Tun ranar farko na sani. Ni na haife shi, ni na rufe masa ido. Kina tsammani ban san inda ɗana yake ba?"

"To me ya sa, Mama?"

Mama ta dubi tafin hannunta.

"Na fara manta muryarsa, 'yar nan. Fuskar tana nan, akwai hotuna. Amma muryar, in na kwanta in neme ta, sai in rasa. Sai ga wani ya zo da ita har gida." Ta ja numfashi. "Da ya tafi da ni, na sani. Kin kyauta da kika fitar da ni. Allah ya yi miki albarka. Amma kada ki ce in yi murna."

Ta kamo hannun 'yarta ta baya, ta jawo shi kan kafaɗarta. Ta riƙe matattun yatsun nan biyu tana murzawa a hankali, yadda take murza na Auta idan ciwo ya tashi.

Injiniya tana ganin hannun mahaifiyarta a kan nata. Ba ta jin komai. Ba ta faɗa mata ba, ta bar ta ta ci gaba da murzawa.